Batirin Zuciya da Ma'aunin Sukari na Manne: Maƙwabta Biyu a Jiki Ɗaya



  

Wata tambaya ce da aka yi mini a ɗakin duba marasa lafiya ta sa na zaɓi wannan batu. Wata baiwar Allah ta kawo mahaifinta, dattijo da ya haura shekara 70, ya daɗe da ciwon sukari, yana allurar insulin safe da yamma. Shekara biyu kafin nan an dasa masa batirin zuciya saboda yawan suma. Ɗansa da ke zaune a ƙasar waje ya aiko masa da ma'aunin sukari irin wanda ake mannawa a damtse, amma kwalin ya yi wata uku a cikin durowa. Ta ce mini: "Likita, mun karanta takardar da ke ciki, mun ga an ambaci masu batiri a ƙirji, sai muka tsorata. Kada garin neman gira mu rasa ido."

Na ce mata wannan tsoro hankali ne. Wanda ya san na'ura ce ke riƙe da bugun zuciyar mahaifinsa, dole ya yi hattara da duk wani abu mai lantarki da za a raɓa wa jikin. Sai dai da na ci gaba da tambaya, na gano cewa a cikin watannin nan uku, sau biyu ana tarar da Baba da asuba ya jiƙe sharkaf da gumi, magana ba ta fita daidai, sai an ba shi ruwan sukari yake dawowa hayyacinsa. Abin da suke tsoro yana kwance a durowa bai taɓa kowa ba, abin tsoro na gaske kuwa yana shigowa cikin dare ba wanda ya tare masa hanya.

Saƙon da na zo da shi ke nan. Waɗannan na'urori biyu suna iya zama lafiya a jiki ɗaya, har ma su taimaki juna, matuƙar an san inda haɗari yake, an kuma sanar da likitocin da ke kula da kowannensu. Bari mu fara da sanin maƙwabtan.

Maƙwabci na farko: mai tunatar da zuciya

Zuciya tsoka ce mai ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa, kuma Allah Ya halitta mata lantarkinta. A saman ɗakin dama akwai wani ɗan wuri da ke ba da umarnin bugu, sau 60 zuwa 100 a minti ga baligin da ke hutawa. Umarnin yakan ratsa ta wata mashiga da ke tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa kafin ya bazu. Idan tsufa ko ciwo ya raunana mai ba da umarnin, ko mashigar ta toshe, bugu yakan sauka zuwa 40 ko 30, wani lokacin ya tsaya cik na 'yan daƙiƙu. Daga nan jiri da kasala da faɗuwa ba zato suke tasowa.

Abin da muke kira batirin zuciya ɗan akwati ne na ƙarfen titaniyam, faɗinsa kamar na kwalin ashana, a cikinsa akwai batiri da 'yar ƙaramar kwamfuta. Akan ajiye shi a ƙarƙashin fata a saman ƙirji, galibi ta hagu, sannan a zura siririyar igiya ɗaya ko biyu ta jijiyar jini har cikin zuciya. Aikinsa biyu ne, saurare da tunatarwa. In ya ji zuciya ta buga a kan lokaci, ya yi shiru. In ya ji ta makara, ya aika mata da ɗan tartsatsin lantarki wanda mai jikin ba ya ji. Ku riƙe wannan magana ta saurare, domin za mu dawo kanta. Yana da ɗan uwa da likitoci ke kira ICD, wanda bayan tunatarwa yakan ba zuciya bugun lantarki mai ƙarfi idan ta rikice da gudu irin mai kisa.

Mutum na farko da aka dasa wa batirin zuciya a cikin jiki shi ne Arne Larsson, ɗan ƙasar Suwidin, ranar 8 ga Oktoba 1958, a asibitin Karolinska. Yana da shekara 43, yana suma sau da yawa a yini. Matarsa, Else-Marie, ita ta matsa wa likitan tiyata Åke Senning da injiniya Rune Elmqvist lamba har suka yarda su gwada abin da ba su gama tantancewa ba. Na'urar farko ta mutu bayan 'yan awoyi, aka sa ta biyu. A tsawon rayuwarsa an canja masa na'ura sama da 20, ya rasu a 2001 yana da shekara 86, bayan likitan da injiniyan duk sun riga shi. Na yau kuwa batirinsu yakan kai kimanin shekara 10, gwargwadon yawan aikin da suke yi.

Maƙwabci na biyu: ma'aunin da ba ya barci

Duk mai ciwon sukari ya san huda yatsa. Gwaji ne mai kyau, amma yana gaya maka halin da kake ciki ne a daidai wannan lokaci kaɗai. Kamar mutum ne ya leƙa rafi sau biyu a yini, ya ce ya san cikarsa da janyewarsa. Abin da ya faru tsakanin sha biyun dare da kiran assalatu, ba wanda ya gani.

Ma'aunin manne, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da CGM, ɗan faifai ne kamar kwabo da ake liƙawa a bayan damtse ko a ciki. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan zare mai laushi da ke shiga ƙarƙashin fata. An shafe zaren da wani sinadari wanda idan ya haɗu da sukari yakan haifar da ɗan lantarki kaɗan, gwargwadon yawan sukarin. Faifan ya mayar da wannan lamba, ya aika wa wayar hannu ko ɗan akwatin karatu. Wasu sukan auna duk minti ɗaya, wasu duk minti 5, wato sau 288 a kwana ɗaya. Bayan lamba akwai kibiya mai nuna ko sukari hawa yake ko sauka, akwai kuma ƙararrawa mai tashin mutum idan ya kusa faɗuwa.

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da irinsa na farko a 1999, na kamfanin MiniMed. Wancan ba ya nuna wa majiyyaci komai, sai bayan kwana uku likita ya zazzage bayanan. Kamfanin Dexcom ya fito da nasa a 2006, Abbott kuma ya fito da FreeStyle Libre a Turai a 2014. Na yanzu sukan yi kwana 7 zuwa 15 a jiki kafin a canja.

Shin suna shiga haƙƙin juna?

Mu koma kan takardar da ta tsorata 'yar Baba. Gaskiya ne, takardun FreeStyle Libre na farko sun bayyana cewa ba a gwada na'urar tare da sauran na'urorin da ake dasawa a jiki ba, irin su batirin zuciya. Ku lura da lafazin. "Ba mu gwada ba" daban yake da "mun gwada mun ga cutarwa". Kamfani ba ya rubuta abin da bai kai wa hukuma hujjarsa ba, kuma a lokacin da ake gwajin farko ba a sa masu batiri a ciki ba. Bayanan takardun nan sukan bambanta daga nau'i zuwa nau'i, daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma ana sabunta su. Don haka kowa ya karanta ta nasa, ya kai wa likitan zuciyarsa su duba tare.

Ta ina cutarwa za ta iya zuwa, in da za ta zo? Na ce batiri saurare yake yi. Idan wani ƙarfin lantarki daga waje ya kutsa cikin igiyarsa, yana iya zaton zuciya ce ta buga, ya yi shiru alhali ana bukatarsa. ICD kuma yana iya zaton zuciya ta rikice, ya saki bugu ba dalili. Shi ya sa ake hana masu batiri kusantar injin walda, ko jingina ƙirji a kan injin mota da janareta suna aiki. Waɗannan suna fitar da ƙarfi mai yawa.

Ma'aunin manne ba ya cikin wannan sahu. Lantarkin da ke gudana a zarensa bai kai a ji shi ba ko a faɗin fatar da ke kewaye da shi. Saƙon da yake aika wa waya ta Bluetooth ya fi na wayar da ke kira rauni ninki ɗaruruwa. Batiran zamani kuma an yi musu sulke da matatai masu tace hayaniyar waje. Hasali ma wasu daga cikinsu da Bluetooth ɗin suke magana da wayar mai su, su aika wa asibiti rahoto. Masu batiri da dama a Turai da Amurka suna sanye da ma'aunin manne da sanin likitocinsu.

Amma gani ya kori ji. Duk mai batiri yana da ranar zuwa duba na'urarsa, inda ake ɗora masa abin karatu a ƙirji, allo ya nuna duk abin da batirin ke ji. Ku je wannan rana da ma'aunin a jiki. Ku karanta sukarinku da waya a gaban mai dubawa, yana kallon allo. Batiri yakan ajiye tarihin hayaniyar da ta shige shi, da ranarta da lokacinta. Gwaji ne na 'yan mintoci, kuma ya fi duk wata magana da zan yi muku kwantar da hankali.

Ana zaton wuta a maƙera

Da na gama yi wa 'yar Baba irin wannan bayani a ɗakin duba marasa lafiya, sai na juya ga dattijon na ce: "Baba, a ina kuke ajiye wayarku?" Ya ɗaga hannu ya dafa aljihun gaban rigarsa, daidai kan batirin. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

An ƙera batirin zuciya ne yadda zai ji maganaɗisu, da gangan. Likita yakan ɗora masa maganaɗisu a ɗakin tiyata domin ya sa shi ya daina saurare, ya riƙa bugawa da ƙidaya ɗaya tsayayya. ICD kuwa idan ya ji maganaɗisu yakan dakatar da bugun nan na ceton rai. A hannun likita wannan makami ne mai amfani. A cikin aljihu kuwa, ba wanda ya san yana aiki.

A farkon 2021 likitocin zuciya na asibitin Henry Ford da ke Detroit suka ba da rahoton cewa sun kusantar da wayar iPhone 12 ga ƙirjin wani mai ICD, nan take na'urar ta dakatar da aikin ceto, saboda zoben maganaɗisu da ke bayan wayar. A watan Mayu na wannan shekara FDA ta shawarci masu irin waɗannan na'urori su nisanta wayoyi da agogunan zamani daga wurin dashen da aƙalla santimita 15, wato kamar tsawon biro. Kamfanin Apple da kansa ya faɗi haka, ya ƙara da cewa a ninka tazarar zuwa santimita 30 idan ana cajin waya ba tare da igiya ba. Da zarar an janye maganaɗisun, na'urar takan koma aikinta.

Me ya haɗa wannan da ma'aunin sukari? Ma'aunin ne ke sa waya ta zama abokiyar zama dare da rana. Wanda a da yake mance wayarsa a ɗaki, yanzu yana so ta kasance kusa domin ya ji ƙararrawa. Ɗinkinmu kuma, jamfa da kaftani da babbar riga, aljihunsa na gaba a hagu yake, inda aka fi dasa batiri. Iyayenmu mata da yawa a ƙirji suke cusa waya. Akwai kuma 'yan maɓallan maganaɗisu da ake maƙale mayafi da su, da akwatin abin sauraro na kunne, dukansu a nisanta su daga wurin.

Dokar mai sauƙi ce. Waya ta koma aljihun gefe ko jaka. In za a amsa kira, a sa ta a kunnen da ke nesa da batiri. Da dare a ajiye ta a gefen gado, kada a yi barci da ita a kan ƙirji. Ma'aunin kuma a manna shi a damtsen da ke ɗaya ɓangaren, musamman irin wanda sai an kara masa waya kafin ya ba da lamba. In batiri yana hagu, ma'auni ya tafi dama.

Ina ƙara jan kunne a kan agoguna da zobban da ake tallatawa a intanet wai suna auna sukari ba tare da huda fata ba. A Fabrairun 2024 FDA ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da ko ɗaya daga cikinsu ba. Mai allurar insulin da ya dogara da lambar ƙarya yana iya yi wa kansa allurar da za ta kwantar da shi.

Faɗuwar sukari da zuciya

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna. Mun saba jin tsoron hawan sukari, kuma da gaskiyarmu, domin shi ke cin ido da ƙoda da ƙafa a hankali. Faɗuwarsa kuwa ba ta jira shekaru, cikin awa ɗaya take aikinta. Ana cewa sukari ya faɗi idan ya sauka ƙasa da 70 a ma'aunin da ke ƙirga da miligiram, wato 3.9 a mai ƙirga da milimol, ko 0.70 a lissafin giram da aka saba da shi a Nijar. Ƙasa da 54, ko 3.0, haɗari ne babba.

Idan sukari ya faɗi, jiki yakan saki sinadarin firgita domin ya ceci ƙwaƙwalwa. Wannan yana sa zuciya gudu, yana rage gishirin fotashiyam a jini, yana tsawaita lokacin da zuciya ke ɗauka kafin ta shirya wa bugu na gaba. Lafiyayyar zuciya takan jure. Zuciyar da ta riga ta gaji har aka sa mata mataimaki, wannan girgiza ba ƙarama ba ce gare ta.

A 2014 masu bincike a Sheffield ta Ingila suka wallafa wani aiki da ya dace da zancenmu. Sun ɗauki mutum 25 masu ciwon sukari nau'i na biyu, masu allurar insulin kuma masu haɗarin ciwon zuciya, suka sa musu ma'aunin sukari da na'urar naɗar bugun zuciya a lokaci guda na kwanaki. Da suka jera bayanan biyu, sai suka ga rikicewar bugu ta fi yawa a lokutan da sukari ya faɗi, musamman da dare, kuma sau da yawa masu jikin ba su san ya faɗi ba. Kafin nan, a 2008, an dakatar da wani ɓangare na babban binciken ACCORD a Amurka da Kanada, mai mutum sama da 10,000, domin waɗanda aka matsa wa sukarinsu ya sauka ƙwarai sun fi mutuwa. Masana sun daɗe suna muhawara a kan dalilin, amma darasin ya zauna: dattijo mai ciwon zuciya ba a tsananta masa neman lamba irin ta saurayi.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin, masu ciwon sukari da ciwon zuciya sukan rasa alamun gargaɗi. Daɗewa da ciwon sukari yana dusashe jijiyoyin da ke sa mutum ya ji rawar jiki da faɗuwar gaba. Magungunan zuciya irin su atenolol da bisoprolol da propranolol su ma sukan ɓoye waɗannan alamu, sai gumi kaɗai ya rage. Idan ƙoda ta yi rauni, insulin da ƙwayar glibenclamide sukan daɗe a jiki fiye da ƙima. Irin wannan mutum ba shi da mai tashinsa, sai ƙararrawar ma'auni. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Shi ya sa matsayar da masana na duniya suka cim ma a 2019 ta raba masu ciwon rukuni biyu. Ga yawancin masu ciwon sukari, ana so su kasance tsakanin 70 da 180 fiye da kashi 70 cikin 100 na yini, kada zamansu ƙasa da 70 ya kai kashi 4, kimanin awa ɗaya. Ga tsofaffi da masu rauni kuwa, an sassauta na farko zuwa kashi 50, aka tsananta na biyu zuwa ƙasa da kashi 1, wato bai kai minti 15 ba a kwana guda. Yawancin masu batiri a wannan rukuni suke.

Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Mai batiri kuma mai sukari idan ya ce jiri ya ɗebe shi ranar Talata da hantsi, wa za a tuhuma? Likitan zuciya zai ce a duba sukari, likitan sukari ya ce a duba batiri. To ga shaidu biyu, kowanne da littafinsa. Batiri ya rubuta abin da zuciya ta yi a wannan sa'a, ma'auni ya rubuta inda sukari yake. A jera su, gaskiya ta fito. Abin da ake bukata daga gare ku shi ne ku rubuta rana da lokacin da abin ya faru, ku kuma tabbatar agogon wayarku daidai yake.

Idan ƙararrawa ta kaɗa kuma mutum yana cikin hayyacinsa, a ba shi giram 15 na sukari, kimanin babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi. A jira minti 15 a sake dubawa, in bai tashi ba a maimaita, sannan ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi a gefensa, a garzaya asibiti, a gaya musu yana da sukari kuma yana da batiri.

Inda ma'auni ke kuskure

Ba na so ku fita daga nan kuna ganin ma'aunin manne ba ya kuskure. Ba jini yake aunawa ba, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin nama yake aunawa, kuma wannan ruwa yana bin bayan jini da minti 5 zuwa 15. Idan sukari na gudu sama ko ƙasa, lambar takan makara. Wanda ya kwanta a kan damtsen da ma'auni yake, yana iya ganin faɗuwar ƙarya, saboda dannewa ta rage gudun ruwan wurin.

Magunguna ma suna ruɗa shi. Bitamin C mai yawa, sama da miligiram 500 a rana, yana sa FreeStyle Libre 2 ya nuna lamba sama da gaskiya. Maganin hydroxyurea, wanda 'yan uwanmu masu sikila da yawa ke sha, yana yi wa na Dexcom da na kamfanin Medtronic haka. Farasitamol ma yana shafar wasu nau'o'in. Haɗarin a fili yake: ma'auni ya ce lafiya lau alhali sukari yana ƙasa. Zafin ƙasarmu kuma abin lura ne. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zafi yakan haura digiri 40, gumi ya ɓamɓare manne, sabon ma'aunin da aka bari a cikin mota ya lalace. A ajiye su a wuri mai sanyi kamar yadda kwalin ya nuna. Alwala da wanka ba sa cutar da shi.

Don haka kada a jefar da na'urar huda yatsa. Duk lokacin da jiki ya faɗi wani abu, ma'auni ya faɗi wani, yatsa ne alƙali.

Asibiti, tafiya da azumi

Duk inda za a yi muku hoto ko tiyata, ku ambaci na'urorin biyu tun kafin a tambaye ku. Hoton MRI maganaɗisu ne mai tsananin ƙarfi. Yawancin batiran zamani an yi su yadda za su iya shiga, amma sai an saita su kafin a shiga da bayan an fito. Ma'aunin manne kuwa, wasu dole a cire su, wasu sababbi an yarda a bar su bisa sharaɗi, takardar kowanne ita ce hukunci. Ranar da za a dasa batiri ko a canja shi, ma'auni ya zauna nesa da wurin aiki, kuma a tiyata da jinin yatsa ake dogara. A makonnin da ke biye ne amfaninsa ke fitowa, domin hawan sukari yana hana miki warkewa, kuma ciwon sukari na cikin abubuwan da ke jawo ƙwayoyin cuta su kama wurin da aka dasa batiri. Ja, kumburi, zafi ko ruwa a wurin, a koma asibiti a ranar.

Maniyyata da sauran matafiya, ku riƙe katin batirinku a jiki. A filin jirgi ku nuna shi, ku faɗi cewa kuna sanye da ma'auni, ku roƙi kada a tsayar da sandar bincike a kan ƙirjinku.

Game da azumi, jagorar da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya, IDF, ta fitar tare da ƙawancen masana na DAR a 2021 ta bayyana cewa auna sukari ba ya karya azumi, kuma mai azumi ya sha ruwa idan sukarinsa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300. Dattijo mai insulin da ciwon zuciya, wanda sukarinsa ya taɓa kayar da shi kwanan nan, yana cikin waɗanda ake ba shawarar kada su ɗauka. Ku zauna da likita da malami tun watan Sha'aban.

Na san tsada ita ce babbar katanga. Ma'aunin nan ba kowa ke iya saye duk bayan mako biyu ba. Amma ko guda ɗaya aka samu, kwana 14 sun isa su nuna abin da fura da farar shinkafa da shayin safe ke yi wa mutum, su kuma tona abin da dare ke ɓoyewa. Likita zai iya gyara magani da wannan, a ci gaba da huda yatsa.

Kammalawa

Baba ya koma wurin masu duba batirinsa da ma'auni a damtsen dama, aka karanta a gabansu, allo bai nuna komai ba. Waya ta bar aljihun gaba. Bayan mako biyu 'yarsa ta kawo mini zanen sukarinsa, sai ga rami kusan kowane dare wajen ƙarfe uku. Muka rage allurar yamma, muka gyara lokacin cin abincin dare, na rubuta wa likitan zuciyarsa abin da muka yi. Da suka dawo, ta ce mini: "Likita, yanzu ni ma ina samun barci."

Abokan aikina, wannan wasiƙa da na rubuta ba ta ɗauke ni minti biyar ba, amma sau nawa muke yin ta? Majiyyaci ɗaya ne, zuciya da sukari a jikinsa suke tare, mu ne muka raba su ɗaki biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma masu ɗawainiya da iyaye da mazaje da mata, ku tuna cewa a bayan mutum na farko da aka dasa wa batiri akwai matar da ta ƙi yin shiru, har mijinta ya ƙara shekara 43 a duniya. 'Yar Baba ma tambaya ta yi, kuskurenta ɗaya shi ne ta bari sai bayan wata uku. In akwai kwali irin wannan a durowarku, ku ɗauko shi, ku haɗa da katin batiri da jerin magunguna, ku kai wa likita a wannan mako.